Gadar da Ke Miƙewa Tsaye Don Jirgin Yashi Ya Wuce

Duk wanda ya tashi da rediyo a kunne ya san "agogon GMT". Harafin farko na sunan nan Greenwich yake nufi, wata unguwa ce a kudu maso gabashin Landan, a bakin kogin Thames. In ka baro tsakiyar unguwar ka yi yamma da ƙafa, ba ka cika minti goma ba za ka hau wata 'yar gada a kan titin da ake kira Creek Road. Gajeriya ce, ba ta da wani ado, mutum zai iya haye ta sau ɗari bai lura da ita ba. Sai wanda ya duƙar da kai zai ga tsaga a kwalta daga wannan gefe zuwa wancan, ya ɗaga ido ya ga ɗakin ma'aikaci a gefen hanya da sandunan tare motoci suna tsaye.

Ran da aka buƙace ta, danja kan koma ja, sandunan su sauko, sai titin ɗungurungum, da kwaltarsa da farin fentinsa, ya fara tashi sama. Bas mai hawa biyu ta tsaya, masu keke su sa ƙafa a ƙasa, 'yan makaranta su leƙa ta kan shinge. Can ƙasa wani jirgin dako, ba sabo ba, ɗauke da yashi, ya lallaɓa ya shige. Me zai sa a tsayar da hanyar dubban mutane saboda jirgi guda? Amsar ta fara ne daga ruwan da ke ƙarƙashin gadar, domin ba irin ruwan da muka saba da shi ba ne.

Wani ƙaramin kogi ne mai suna Ravensbourne, yana tasowa daga Keston, ya yi tafiyar kilomita 17 ko kusa da haka ta Bromley da Catford da Lewisham, kafin ya zuba a Thames. Ƙarshensa, wanda bai kai kilomita biyu ba, shi ake kira ƙoramar Deptford. A nan kogin ba shi da iko da kansa, teku ce ke juya shi. Bakin Thames a buɗe yake ga teku, wata kuma yana jan ruwan teku, don haka sau biyu a kowace kwana ruwa kan taso ya shigo har cikin Landan, ya cika, sannan ya janye. Tsakanin cika da cika akwai sa'a 12 da minti 25, wato kullum lokacin yana ja baya da kamar minti 50. Idan yau ruwa ya cika da hantsi, bayan 'yan kwanaki sai da azahar.

Mu da muke lissafi da wata, wannan ba zai yi mana wuyar ganewa ba. Ruwan ya fi hawa a kwanakin tsayuwar wata da kuma kwanakin da ya cika, wajen sha huɗu zuwa sha shida, saboda a lokacin rana da wata suna ja a layi ɗaya. A irin waɗannan kwanaki tazarar cika da janyewa a Landan kan kai mita 7, tsayin bene mai hawa biyu ke nan. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu kuwa, ruwan kan yi sanyin jiki, bai hawa sosai, bai janyewa sosai. Jiragen da a da suke hawa Binuwai har Garwa sai sun jira damina ta cika kogi, sau ɗaya a shekara. Ƙoramar Deptford tana yin damina da rani sau biyu kowace rana. In ruwa ya janye, ba abin da ke saura sai laka mai ƙyalli da wani siririn ruwa a tsakiya wanda bai wuce gwiwa ba.

To ka ga matuƙin jirgi ba shi da zaɓin lokaci. Dole ya shigo dab da cikar ruwa, ya ɗaure a tashar sauke kaya, ruwa ya janye jirgin ya zauna daram a kan laka (shi ya sa ake ƙera irin waɗannan jirage da shimfiɗaɗɗen ciki), a sauke kaya, ya jira ruwa ya dawo ya ɗaga shi ya fita. In ya iso gadar ba ta buɗe ba, ba jinkirin minti goma ya same shi ba, na sa'a goma sha biyu ne. In kuma kwanakin raunin ruwa ne ke tafe, jirgi mai nauyi na iya yin kwanaki yana jira. Mai mota yana duba agogon hannunsa, mai buɗe gada kuwa jadawalin wata yake dubawa, ko da ƙarfe uku na dare ruwan ya cika.

Sunan garin ma daga ruwan ya samo asali. Deptford a tsohon Turanci yana nufin mashigi mai zurfi, wurin da matafiya kan tuɓe takalmi su ratsa. Mashigin yana can sama, inda ƙarfin teku ke ƙarewa, a kan tsohuwar hanyar Landan zuwa Canterbury da Dover wadda ake bi tun zamanin Rumawa. A can aka fara yin gada, kafaffiya wadda ba ta motsi, tun da jirage ba sa wuce wurin. A kanta ne a ranar 17 ga Yuni 1497 sojojin Sarki Henry na Bakwai suka murƙushe mutanen Cornwall da suka tako har bakin Landan suna bore a kan haraji. Amma daga wannan gada zuwa inda ƙoramar ta haɗu da Thames, ɗaruruwan shekaru suka wuce ba wanda ya ɗora ko katako a kan ruwan.

Ba don babu mutane ba. A gabas akwai fadar Greenwich inda aka haifi Henry na Takwas, a yamma kuma shi wannan sarki ya kafa ma'aikatar ƙera jiragen yaƙi a Deptford a 1513. A Deptford ne Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta hau jirgin Francis Drake a 1581 aka ba shi sarauta bayan ya kewaya duniya. Sarkin Rasha Peter ya zo ya zauna a garin a 1698 don ya koyi ƙirar jirgi da idonsa. Gari biyu masu cike da maƙera da kafintoci da matuƙa, suna hango juna, amma mai son hayewa ko dai ya biya kuɗin fito a kwale-kwale, ko ya kewaya ta tsohuwar gada. Ruwan shi ne babbar hanya, ƙafa ce ke bin bayansa.

A farkon ƙarni na 19 ne wasu masu kuɗi suka kafa kamfani, suka nemi majalisar dokoki ta yi musu doka ta musamman. Da gadar katako ta masu ƙafa aka fara, sannan a 1815 aka sami wadda keken doki zai hau. Haka ake yin gada a Landan a wancan zamani: Vauxhall a 1816, Waterloo a 1817, Southwark a 1819, duk 'yan kasuwa ne suka zuba jari, suka kafa shinge suna karɓar kuɗin hayewa. Mai hali bai ji a jikinsa ba. Lebura da ke kwana a wannan gaɓa yana aiki a waccan, shi ne ke biya safe da yamma daga ɗan abin da ya samu. Sai da aka yi dokar 1877 hukumar ayyuka ta birnin Landan ta sami ikon saye gadojin kuɗi, tsakanin 1878 da 1880 ta saye goma sha ɗaya ta cire shingayensu. Goma a kan Thames suke. Ta goma sha ɗayan ita ce wannan 'yar gada ta ƙoramar Deptford, abin da ke nuna maka yawan ƙafar da ke bin ta.

Mallaka ta canza hannu, an sake gina gadar ba sau ɗaya ba, amma sharaɗi guda bai taɓa canzawa ba: dole ta buɗe. A nan ne gundarin maganar yake, kuma hanya mafi sauƙi ta fahimtarsa ita ce burtali. Kowa ya san burtali ya girmi gonakin da ke gefensa. Manomi na iya yin shuka har bakinsa, yana iya ratsa shi ya je ɗaya gonar, amma ba shi da ikon ya toshe shi, domin hanyar dabbobi ce tun kaka da kakanni. A dokar Ingila ruwan da teku ke shiga ta fita haka yake, hanya ce ta kowa, kuma ba wanda ya isa ya rufe ta sai majalisar dokoki da kanta. Tun a yarjejeniyar Magna Carta ta 1215 an rubuta cewa a cire shingayen kamun kifi daga kogunan Thames da Medway don kada su tare hanya. Saboda haka mai gina gada baƙo ne a kan ruwan. An ba shi izinin ratsawa, ba a ba shi izinin toshewa ba.

Mai ginin yana da hanya uku. Ya ɗaga gadar sama yadda jirgi mai dogon itacen ƙyallen iska zai shige ta ƙasa, amma sai an yi mata doguwar hawa ta kowane gefe, a rushe gidaje, doki kuma ba ya jan kaya a tudu mai tsini. Ko ya haƙa rami ta ƙarƙashin ruwa, yadda aka yi daga baya a Blackwall a 1897, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin 'yar ƙorama. Ko kuma ya bar gadar a ƙasa daidai da titi, ya yi mata dabarar kaucewa. Ta ukun aka ɗauka. Ita ce dai dabarar da aka bi a shahararriyar gadar Tower da aka buɗe a 1894, wadda har gobe jirgi ne ke da fifiko a kanta, in dai ya ba da sanarwar sa'a 24, kuma ba ya biyan ko sisi. A 1997 an ɗaga ta don wani tsohon jirgin dako mai suna Gladys, ta raba ayarin motocin shugaban Amurka Bill Clinton gida biyu, masu tsaronsa suna ji suna gani.

Yaya ake ɗaga titi? Wanda ya taɓa ban ruwa a lambu da jigo ya riga ya san amsar. Dogon itace ne a kan gwafa, guga a wannan kai, curin laka ko dutse a wancan. Ba ƙarfin damtse ke fito da ruwa daga rijiya ba, nauyin curin ne, hannu taɓawa kawai yake yi. Gadar Creek Road ta yanzu, wadda aka gina a 1954, jigo ce ta ƙarfe. Injiniyoyi suna kiran irinta da sunan Faransanci, bascule, wato abin da in wannan kai ya sauka wancan ya tashi. Ɓangaren titin da ke tashi yana juyawa a kan wata katuwar sandar ƙarfe, a bayan sandar kuma akwai nauyin da aka auna ya yi daidai da na titin. Da yake nauyi ya riga ya biya nauyi, injin lantarkin da ke motsa ta ba shi da girman da mutum zai zata. Aikinsa ya rinjayi gogayyar ƙarfe da ƙarfe, ya kuma riƙe ta a gaban iska, don titi in ya miƙe tsaye ya zama faifai, iska na dukansa ta ko'ina.

Wahalar irin wannan gada ba a ɗagawa take ba, a saukowa take. Dole ta dawo ta zauna daidai wa daida, sakatun ƙarfe su shige raminsu su kulle, kafin a bar mota ta hau. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, yana tsukewa da sanyi, ranar da aka yi tsananin rana sai gada ta ƙi shiga mazauninta. Ga tururin ruwa mai gishiri-gishiri yana kawo tsatsa, ga ƙasa da tsakuwa suna zuba cikin tsaga, ga manyan motoci suna dukan mahaɗin dare da rana. Gadar da ba ta motsi, in an gina ta an huta na shekaru. Wannan kuwa inji ce da aka shimfiɗa wa kwalta, tana son giris, tana son mai duba ta, tana son a riƙa motsa ta ko ba jirgi don kada ta sandare.

Abin da ya fi burge ni da wannan ƙorama shi ne, a tafiyar da ba ta kai ta minti ashirin ba za ka ga kusan duk dabarun da ɗan Adam ya ƙirƙiro na kauce wa jirgi. A bakinta akwai gadar masu ƙafa da aka buɗe a 2015, wadda ke juyawa gefe kamar ƙyauren ƙofa. Sai ta Creek Road mai tashi irin na jigo. Gaba kaɗan ga ta jirgin ƙasa, wadda labarinta ya isa a tsaya a kansa. Layin dogo na farko a Landan, wanda aka ɗora a kan bakunan tubali 878, ya iso Deptford a 1836, amma bai taka Greenwich ba sai Disamba 1838, kuma wannan 'yar ƙorama tana cikin abin da ya riƙe shi, don shi ma layin dogo an ce sai gadarsa ta buɗe. Shekara da shekaru, in jirgin ruwa zai wuce sai gungun ma'aikata sun zo sun kwance ƙarafan layin da hannu kafin a ɗaga, su sake ɗaurawa bayan ya wuce. Sai a 1963 aka kafa ta lantarki mai hasumiyoyin ƙarfe, wadda tsakiyarta ke hawa sama a kwance kamar faranti. A jikinta kuma akwai gadar ƙafa da ake kira Ha'penny Hatch, sunan ya fito ne daga rabin kobon da ake biya a kan tsohuwar, an sake gina ta a 2002, ita ma mai ɗagawa.

Me jiragen suke kawowa da har aka yi duk wannan ɗawainiya? Kwal ne kan gaba. Bayan warin da ya addabi Landan a bazarar 1858, injiniya Joseph Bazalgette ya gina manyan magudanan ƙazanta, ya kafa tashar tura ruwa a gefen ƙoramar a shekarun 1860, injinanta kuwa kwal suke ci. Ga masana'antar iskar gas, ga injinan niƙa irin na Mumford da jirage ke kawo wa alkama, ga masu jima da masu haɗa sinadarai da masu katako. A bakin ƙoramar ne injiniya Sebastian de Ferranti ya gina tashar lantarki a ƙarshen shekarun 1880, wadda ta zama abin kwatance a duniya, tana tura wuta mai ƙarfin bolt 10,000 zuwa tsakiyar birni. Ƙorama ce mai baƙin ruwa da hayaƙi, amma dubban gidaje da ita suke cin abinci.

Gadar 1954 an gina ta ne da wannan rayuwa a zuciya, shekara biyu bayan Landan ta daina amfani da taragun lantarki na kan titi, motoci da bas-bas suka gaje hanya. Ba a jima ba wannan rayuwa ta fara gushewa. Dokar tsabtace iska ta 1956 ta rage ƙona kwal a gari. Gas ɗin da aka haƙo a teku ya kashe masana'antun gas na kwal. Kwantena ta zo, manyan jirage suka koma Tilbury can ƙasan kogi, tashoshin Surrey da ke maƙwabtaka suka rufe a 1970, na ƙarshe a cikin birni suka bi su a 1981. Tashar lantarki ta Deptford ta daina aiki a 1983. Gadar jirgin ƙasa mai hasumiyoyi ta daina ɗagawa, tana nan a kulle.

Ta Creek Road ba ta bi sahu ba, kuma yashi ne ya riƙe ta. Dab da gadar ta sama akwai tashar da ake kira Brewery Wharf, inda ake kwaɓa kankare. Ƙananan jiragen kamfanin Prior sun yi shekaru masu yawa suna ɗebo yashi daga Fingringhoe a kan kogin Colne a Essex, su biyo gaɓar teku, su hau Thames, su shigo da cikar ruwa. Tashar tana cikin waɗanda gwamnati ta sa wa kariya tun shekarun 1990, don kada a mayar da su gidajen haya masu kallon ruwa. Da aka zo haƙa babban ramin ƙazanta na Tideway mai tsawon kilomita 25, wanda reshensa ya taso daga tsohuwar tashar Bazalgette, ta ƙoramar nan aka riƙa fitar da ƙasar haƙa a cikin jiragen dako.

Masu ƙorafi suna da gaskiyarsu, ba zan raina ta ba. Wanda ke cikin bas zai je asibiti, ko uwa da za ta ɗauko yaro a makaranta, ba ruwanta da Magna Carta. Kuɗin gyara da albashin ma'aikata daga aljihun jama'a suke fita, jirgin da ake buɗe wa kuwa na ɗan kasuwa ne. Amma a yi lissafin har ƙarshe. A ce jirgi ya ɗauko tan 300, tifa kuma tana ɗaukar tan 20. Tifa 15 ke nan za su shigo, 15 su koma, ta wannan titi dai da ake kukan an tsayar na minti goma, ta gaban makarantu da ƙofofin gidaje. Yashin ba zai fasa zuwa ba tun da birni bai fasa gini ba. Ni a ganina tsayuwar nan ta minti goma ita ce mafi arha a cikin abin da unguwar za ta iya biya. Kuma ran da aka ce a like gadar don a huta, tashar yashi ta mutu a ranar, domin ba mai zuba jari a tashar da jirgi ba ya iya kaiwa. In ta mutu aka gina bene a wurinta, ba ta dawowa.

Sau ɗaya a shekara, a watan Afrilu galibi, ana rufe titin saboda gudun fanfalaki na Landan da ake yi tun 1981. 'Yan gudu dubu-dubu su kewaye tsohon jirgin Cutty Sark a Greenwich, su miƙe Creek Road, su tattake tsagar nan ta kwalta ba tare da sun san a kan inji suke gudu ba. Sauran kwanaki kuwa, in ruwa ya janye, akwai wata cibiya a gefen ƙoramar da ke ba mutane dogayen takalman roba da sanda, ta sauka da su cikin lakar, yara da manya, suna ɗaga duwatsu suna ganin ƙaguwa da ƙananan kifaye, suna tsintar fasassun tangaran da guntayen kwal na zamanin da. Jagoran yana tafe yana duba agogo. Da ya ga siririn ruwan tsakiya ya tsaya cak, ya fara komawa baya yana hawa tudu, sai ya ce kowa ya juya a fita.